Saƙon Inna Kande a Dogon Gawo

Tun da na dawo daga bakin iyaka ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a wurin mai niƙa, da an gaisa sai in ji, “Malama Binta, yaya mutanen ƙauye? An ce ke ce kika je koya wa tsofaffi latsa waya.” Sai a gyara zama ana jiran abin dariya. Ni ma ba na hana su. Ina ba su labarin ragon da ya kwanta a kan kayanmu, su sha dariya, a watse. Amma akwai ragowar labarin da ba ya faɗuwa a tsakiyar taro ana rabon cincin, kuma shi ne ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Ga wanda bai san ni ba, kwamfuta nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Daura. Da dogon hutu ya zo, wata ƙungiya ta nemi malaman da za su shiga ƙauyuka su koya wa manya amfani da babbar waya: yadda ake aika saƙon murya, yadda ake bincikar farashin hatsi, yadda ake gane 'yan damfara. Na ba da sunana, rabi don neman lada, rabi don in huta da hayaniyar gida. Aka haɗa ni da wani Malam Sabi'u, shi zai ɗauki maza, ni in ɗauki mata. Mutumin kirki ne, sai dai duk inda ya ga mutum biyu a tsaye sai ya yi musu lacca. Aka tura mu Dogon Gawo, wani ƙauye can bayan Baure, daf da Nijar. Daga mu har masu ofishin babu wanda ya tuna cewa dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da duk mai ƙafa yana gona.

Mun tashi daga tashar Daura da hantsi. Kayanmu kwali ne na wayoyin gwaji da faifan sola na yin caji, wanda Malam Sabi'u ya naɗe da bargo yana ta jan kunnen direba a kansa. Har Zango lafiya lau. A Zango aka tsaya, na sayi awara mai zafi, wani bawan Allah kuma ya shigo da rago zai kai kasuwar Baure. Direba ya buɗe but, ya ɗaure ragon, ya tura shi ciki, mu kuma muna gaba muna ta musu a kan darasin da za a fara da shi. Da muka sauka a Baure sai muka tarar ragon ya ga bargo mai laushi ya yi kwanciyarsa, faifan ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan. Malam Sabi'u ya tsare mai ragon ya shiga yi masa bayanin yadda hasken rana ke zama wuta, da irin asarar da ƙauye guda ya yi yau. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, ka yi haƙuri. Amma da ragon ka yi wa bayanin nan, don shi ya kwanta.”

Daga Baure babu kwalta. A-kori-kura ce ke zuwa Dogon Gawo, ita ma sai ranar kasuwa. Aka girmama ni aka ba ni gaba, kusa da giya, duk lokacin da direba zai canja sai in ɗaga gwiwa. Malam Sabi'u yana baya a kan buhunan taki, rungume da kwali. A wani shinge jami'ai suka tsayar da mu, suka buɗe kwalin, suka ga wayoyi jere. Babbansu ya dube ni ya ce, “Hajiya, Nijar za a tsallaka da su ke nan?” Na yi bayani, Malam Sabi'u ya ƙara nasa, har fasinjoji suka fara tsaki. Can da aka sake mu, sai babban nan ya zagayo ta tagata, ya rage murya, ya miƙo mini tasa wayar. Wai kullum ce masa take ta cika, ya rasa yadda zai yi da ita. A bakin shingen nan na ba da darasina na farko, mota tana jira.

Ni da na ji an ce iyaka, na ɗauka zan ga katanga ko aƙalla waya mai ƙaya. Abin da aka nuna mini wani guntun ginshiƙin siminti ne a tsakiyar gonar gero, an ɗaure akuya a jikinsa. Gonar mutum ɗaya ce, rabi a nan rabi a can. Aure ma haka, suna ma haka, jana'iza ma haka. Wayata ce kaɗai ta ɗauki abin da zafi. A gidan Mai Gari aka sauke ni, kuma duk lokacin da na zagaya bayan gida sai ta yi ƙara, ta kawo mini saƙon Faransanci wai ana yi mini maraba da zuwa Nijar. In na dawo tsakar gida kuma in dawo Nijeriya.

Matar Mai Gari, Hajiya Dije, ita ta karɓe ni. Doguwa ce mai murya, irin matan da ba sa tambayar baƙo ko zai ci abinci, sai dai ya ga kwano a gabansa. Ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure, mai gadon ƙarfe da wani wuri a rufin da in ana ruwa sai an tara roba. A Daura mun ɗauki fura abin sha ce bayan an ci abinci. A can ita ce abincin rana, a dama ta da kauri da nonon da aka tatso a ranar, ka sha ka tashi ka yi aiki. Da yamma tuwon gero da miyar kuka, ko kwaɗon tafasa, don damina ce ganye ya samu. Na roƙi shayi da safe, aka kawo mini irin na Buzaye a ɗan mitsitsin kofi, mai ɗaci, na kurɓa na ji har kunnuwana sun buɗe. Hausarsu tamu ce, sai 'yan kalmomin da suka tsallako. Makaranta lakwal ce, malamin boko mushe ne, abin da muke cewa sabis kuwa su rezo suke ce masa.

Rezon nan shi ne babbar damuwar garin. A cikin gari babu na Nijeriya sai an dace, na Nijar kuma in ya kama waya sai ya shanye duk abin da aka sa mata. Wurin da ake samun namu sosai ɗaya ne, wani tudu a arewacin gari kusa da tsohon gawo. Duk mai son kira ko karɓar saƙo can yake hawa.

Ranar farko na shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Hajiya Dije da hantsi, na jera wayoyi, na zauna. Kaji ne kawai suka zo. Hajiya Dije ta bar ni na gama shan rana, sannan ta ce, “Malama, su wa kike jira? Ai ko amarya tana gona yanzu.” Muka mai da ajin bayan la'asar. Nan mata suka cika gidan, wasu da ƙasar gona a ƙafa, wasu da goyo. Kafin in buɗe baki sun riga ni: waya tana shanye musu kati. Na ajiye tsarin da aka ba mu daga ofis, na fara da abin da ya dame su. Na nuna musu yadda ake jawo saman waya, a danna, a rufe data. Na ce, “Kowa ta rufe, kada ta bar ta a buɗe a cikin gari.” Suka yi ta shi mini albarka. A duk zamana babu darasin da suka riƙe kamar wannan.

Akwai abin da babu a littafin koyarwa. Yatsan da ya yi shekara da shekaru yana riƙe da fartanya da taɓarya, gilashin waya ba ya jin sa. Mace za ta danna, ta danna, waya ta yi kamar ba da ita ake ba. Wasu suka fara cewa wayar ta raina su. Sai wata Talatu mai ƙosai ta gano cewa in ta ɗan shafa man ƙosai a yatsa abin yana kamawa. Daga ranar duk wayoyin gwajinmu ƙamshin ƙosai suke. Talatun nan ce kuma ta danne wurin ɗaukar murya ba ta sani ba, tana zagin akuyar da ta ci mata wake, ta hau tudu da yamma ta buɗe data, zagin ya tafi wa surukinta a Kano.

A can baya, a kan 'yar tabarmarta da take zuwa da ita, akwai wata tsohuwa da ake kira Inna Kande. Siririya ce, ba ta da yawan magana. Wayarta ta fi ta kowa kyau a ajin, a naɗe take kawo ta cikin ɗankwali. Duk abin da na nuna sau ɗaya ta kama. Amma ranar da muka zo kan saƙon murya, na ce kowa ta ɗauki gaisuwa ta aika wa wani nata da ke nesa, sai ta kife wayar a cinya ta naɗe hannu. Na matsa kusa da ita da rawar kaina ta malaman makaranta.

“Inna, ke fa? Wa ya saya miki wannan mai kyau haka?”

“Wani ne can Ikko,” in ji ta, tana kallon tabarma.

“To shi za ki aika wa. Yaya sunansa, in nemo miki?”

'Yan matasan ciki suka fashe da dariya suna rufe baki. Hajiya Dije ta mintsine ni a hannu, ta ce a hankali, “Ke Malama, ɗan farinta ne.”

Kunya ta kama ni. Ba wai ban san al'adar ba ce. Kakata har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunan babana ba, “wancan” take cewa. Amma mu a gari abin ya sassauta. Ni kaina ɗan farina hotonsa ne a fuskar wayata, ina kiran sunansa tun daga ƙofar gida. Na manta akwai inda abin yake nan daram.

Bayan an watse, muna gyaran zogale, Hajiya Dije ta ba ni labarin. Sunansa Haruna. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi. Inna Kande ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama hira da shi ba, in ya shigo gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa a taƙaice. Ya girma ya tafi Ikko yana fataucin shanu, shi ke riƙe da gidan. Tun bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Shi ya aiko mata da wayar. Ƙanwarsa Ladi, da ke aure a wani ƙauye kusa, in ta zo ranar kasuwa sai ta hau tudu da wayar ta karɓo saƙonninsa, tsohuwar ta shiga ɗaki ta saurara ita kaɗai, Ladin kuma ta mayar masa da amsa: Inna ta ce tana gaishe ka, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. In ya kira kai tsaye aka dace ya shiga, sai ta miƙa wa duk wanda ke kusa.

Na ce, “Hajiya, har yana kwance ba lafiya?”

Ta ce, “To ya za ta yi? Haka ta ga an yi. Ki bar ganin ta shiru, in an ambaci Ikko ko tuwo ba ta iya haɗiyewa.”

Ana cikin haka ranar wata kasuwa ta tsallaken iyaka ta zagayo, Hajiya Dije ta ce sai na raka ta. A amalanken shanu muka tafi, muka wuce ginshiƙin nan ba wanda ya ce mana kanzil. Na ga burodi dogo kamar sanda ana sayarwa a buɗe, na ga mata suna cin taliya da hannu a gindin bishiya, na ga jandarma ya cire hula ya durƙusa ya gai da Hajiya Dije, ashe ɗan ƙawarta ne. Na yi ciniki da naira, aka ba ni canji da sefa, na tsaya ina juya su kamar baƙauya, Hajiya Dije tana ta yi mini dariya wai ga malama an kai ta lakwal. A rumfar mai caji na ga wayoyi sun fi na kwalinmu yawa, kowace an ɗaura mata zare ko tsumma mai launi don mai ita ya gane abarsa. Shi ya taimake mu da caji har muka bar garin, tun da rago ya gama da faifanmu.

Ana saura kwana ɗaya mu gama, da sassafe mata suna fita gona, sai ga sallama a ƙofar ɗakina. Inna Kande ce da ƙwaryar nono. Ta ajiye, muka gaisa, ta zauna a bakin ƙofa, har na fara tunanin nonon kawai ta kawo. Can ta kwance ɗankwalin, ta danna da kanta, ta miƙo mini wayar kusa da kunne. Muryar namiji ce, a shaƙe, yana magana yana hutawa. Yaya yake ce mata, don kakarsa ce ya tashi yana kira Inna.

“Yaya, ni ne. Jiki dai sai a hankali. Ladi tana isar mini da gaisuwarki, na gode. Amma ni muryarki nake so in ji. Ko faɗa ne ki yi mini. In akwai abin da na taɓa yi miki, ki yafe mini da bakinki.”

Ta karɓi wayar ta riƙe. Ba ta dube ni ba ta ce, “Malama, abin nan da kika nuna. In na yi magana a ciki, yana ji na a lokacin?”

“A'a, Inna. Sai kin gama, ya tafi, sannan ya ji.”

“Ba zai amsa ina cikin magana ba?”

“Ba zai amsa ba.”

“Kuma ba ya ganina.”

“Ba ya ganin ki.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, “To wannan zan iya.”

Muka gwada a wayar gwaji, ta danne, ta ce bismillahi, ta saki, muka saurara. Da ta ji muryarta sai ta rufe baki ta ce, “Ashe haka na tsufa.” Na buɗe mata wurin Haruna a tata wayar, na nuna mata inda za ta danne. Sai ta dube ni, ta dubi ƙofa. Na gane. Na fita na bar mata ɗakin, na je na karɓi taɓarya a hannun Hajiya Dije don in samu abin yi, na daka geron da ban iya dakawa ba har tafina ya yi ja. Ta daɗe. Da ta fito idanunta sun kaɗa, ta ce hayaƙin murhun gidan nan ya cika yawa.

Ta nuna mini wayar daga nesa, ba ta sake ta ba. “Ya shiga?”

Na ga saƙon, dogo ne, da ɗan ƙaramin agogo a gefensa, alamar bai tafi ba tukuna. Na ce, “Ya shiga, Inna. Saura ya tafi, sai an hau tudu. Kawo in kai miki yanzu.”

Ta mayar da ita cikin ɗankwali ta ɗaure. “A'a. Ni zan kai.”

Na san dalili, ba ta son ta bar hannunta da abin da ke ciki. Muka yi da ita gobe da safe za mu hau tare. Dama darasin gobe, na ƙarshe, a kan alamomin nan ne: agogo yana nufin saƙo yana jira, maki yana nufin ya tafi. Na ce a raina komai ya zo daidai. Ta wuce gona.

Da azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Direban a-kori-kura ya aiko cewa yanzu zai fita, don in ruwan nan ya sauka kwazazzabon da ke kan hanya zai cika, mota ba za ta sake shigowa ba sai yadda Allah ya yi. Matar Malam Sabi'u tana kan watanta, ya ce shi kam ba zai kwana ba. Ni ma hutu ya zo ƙarshe. Muka tattara kaya a gurguje, Hajiya Dije tana cusa mini kuka da daddawa a jaka. Na ce a kira mini Inna Kande, aka ce gonarta da nisa. Mun fita gari ke nan sai na hango ta a gefen hanya da damin ciyawa a ka, tana sauri ta guje wa ruwa. Na ce direba ya tsaya, ya ce, “Hajiya, in na tsaya a yashin nan mun kwana.” Na zura kai ta taga na ɗaga murya cikin iska.

“Inna! Ki hau tudu da ita! Zai tafi da kansa!”

Ta ɗaga mini hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da damin.

Ruwan ya cim mana kafin Baure. Mota ta kafe, maza suka sauka turi, Malam Sabi'u ya rasa takalmi ɗaya a cikin laka, kuma karon farko tun da muka fito bai yi wa kowa bayanin komai ba. Muka iso Daura a jiƙe. Aka koma makaranta, ayyuka suka rufe ni. Na gwada kiran Hajiya Dije ban samu ba, na ce ai sai an dace tana kan tudu, zan sake gwadawa. In Inna Kande ta faɗo mini a rai sai in ji daɗi. Har na ba wa wata ƙawata labarin a matsayin abin da ya fi komai faranta mini a tafiyar.

Ba a yi sati biyu ba Hajiya Dije ta kira ni da kanta, iskar tudu tana kaɗawa a cikin wayar. Haruna ya rasu, an yi jana'izarsa a can Ikko. Na yi salati, na yi mata gaisuwa. Ta ce, “Inna Kande tana cigiyar ki. Ta ce in da hali ki zo.”

Ranar Asabar na koma ni kaɗai, daga Baure a kan babur. Gero ya fitar da kai, hanya duk ta canja. A gidan makokin na tarar da ita zaune a cikin mata da carbi a hannu. Ana yi mata gaisuwa tana amsawa, “Sai haƙuri, an gode,” da murya daidai, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Ladi ce ke kuka. Na zauna na yi addu'a tare da kowa. Da mutane suka ragu ta tashi ta shiga ɗakinta, ta yafito ni.

Ta saki labule. Ta ciro wayar daga ƙarƙashin matashi.

“Na hau tudun, Malama. Washegarin tafiyarku na hau. Kullum da sassafe kafin mutane su fito sai na hau, in tsaya, in sauko. Ban ba Ladi ba, ban ba kowa ba.” Ta miƙo mini. “Duba mini. Ya ji?”

Na karɓa na buɗe. Ɗan agogon yana nan a gefen saƙon. Na jawo saman wayar. Data a rufe take, yadda na koya musu a ranar farko. Ta riƙe darasin da kyau. Ni ce na ce mata zai tafi da kansa, ban ce ta buɗe ba.

 Da na ce mata ya ji, da ta yarda, kuma babu wanda zai taɓa ƙaryata ni. Na so in faɗa, Allah ya sani na so. Amma matar nan ta zo ajina ne don ta gaji da a riƙa yin magana a tsakaninta da ɗanta, ban ga yadda zan yi in ƙara mata da tawa ba.

Na ce, “Inna, bai tafi ba.”

Na nuna mata agogon, na nuna mata datar. Na ce ni ce ban faɗa mata ba, ta yafe mini. Hawaye ya hana ni ƙarasawa. Ita ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon wayar a hannuna.

“Allah bai nufa ba,” in ji ta. Can kuma ta ce, “Yanzu in an buɗe, aka hau tudu, zai tafi?”

“Zai tafi.”

“Wa zai ji?”

“Duk wanda wayarsa take hannunsa. Ina jin matarsa.”

Ta girgiza kai. “Ba ita na yi wa ba. Koya mini yadda ake cirewa.”

Na ce ta bar shi mana, ai ba ya cin komai, ko don ta riƙa tunawa. Ta ce wata rana Ladi za ta ɗauki wayar ta hau tudu. Ta matso kusa da ni, ta goge yatsanta a zani, ta ce in nuna mata a hankali yadda nake yi a aji.

Na ce ta ɗora yatsa a kan saƙon ta danne har ya canja launi. Ta danne. Na nuna mata alamar kwandon shara a sama. Ta taɓa. Wayar ta yi tambaya, na karanta mata, na nuna mata inda za ta amsa. Yatsan ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya sauka.

“Ya fita?”

“Ya fita, Inna.”

“To, Allah ya ba da lada. Tashi ki sha fura, kada rana ta faɗi kina hanya.”

Na sha, don ba a ƙin furar gidan makoki, na hau babur na dawo Daura. Ban san abin da ta faɗa masa a cikin saƙon nan ba, kuma yanzu duk duniya ita kaɗai ta sani.